Rigimar kambu a resilin: fara tsarinka daga wanda zai faɗi

Wani ƙanina mai son kallon resilin ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi da abokansa sukan zauna su tsara yadda labarin WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, zai tafi da a ce alƙalami yana hannunsu: wa zai kara da wa, wa zai ɗauki kambu, wa zai juya wa abokinsa baya. Nasa tsarin kullum da zafi yake farawa, yakan ba gwaninsa kambun duniya tun a wata na farko, amma kafin wata na uku sai ya rasa yadda zai yi da shi, abokai kuma su ce labarin ya yi lami. Yana son sanin inda yake kuskurewa, da yadda ake gina rigimar kambu da za ta riƙe mutane wata shida ko shekara guda.

Ƙanina, kuskuren yana nan cikin tambayarka, a wurin da ka ce wata na farko. Ka ƙosar da ɗan kallo tun bai ji yunwa ba. Na daɗe ina kallon wannan wasa, ina kuma rubuta irin wannan tsari na "da ni ne", kuma abin da na fi gani a wurin masu farawa shi ne suna rubuta jerin waɗanda za su yi nasara. Mai tsara wasa na gaske, wanda abincinsa ke nan, yakan fara ne da tambayar wa zai faɗi, ta yaya zai faɗi, kuma me zai rage masa washegari. Tunda sakamakon resilin a shirye yake tun kafin a buga ƙararrawa, nasara ba ta da tsada, rubuta ta kawai ake yi. Faɗuwa ce mai tsada, domin duk wanda aka danne aka ƙirga masa uku, an ɗebi wani abu daga darajarsa, kuma dole ka san inda ka kai abin da ka ɗiba.

Dubi Cody Rhodes. Mahaifinsa, Dusty Rhodes, ya doke Superstar Billy Graham, mai riƙe da kambu a lokacin, a Madison Square Garden a 1977, amma ta hanyar ƙirgar da ake wa wanda ya kasa dawowa cikin dandali, kuma a dokar wasan kambu ba ya sauya hannu ta haka. Ya ɗaga kambun a hannunsa, aka karɓe. Ya rasu a 2015 bai taɓa riƙe babban kambun wannan kamfani ba. Cody ya bar WWE a 2016, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin AEW a 2019, ya dawo WWE a babban wasanta na shekara, WrestleMania 38, a 2022 ya ce ya zo ne ya ɗauko abin da aka hana mahaifinsa. A watan Yuni na wannan shekara ya kara da Seth Rollins da tsokar ƙirjinsa a yage, rabin ƙirjin ya yi baƙi ƙirin, ya tafi jinya na watanni, ya dawo ya ci Royal Rumble na 2023, wasan da 'yan kokawa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya suna jefa juna waje ta saman igiya, wanda ya rage ya nemi kambu a WrestleMania. Duk wanda zai rubuta tsari a lokacin, Cody zai ba nasara a WrestleMania 39. Sai Solo Sikoa, ɗan uwan mai riƙe da kambu Roman Reigns, ya yi katsalandan, Roman ya danne shi. Mutane sun fusata ƙwarai, ni ma a daren ban ji daɗi ba. Amma shekarar da ta biyo baya ta nuna abin da faɗuwar ta haifar. A farkon 2024, da aka nuna alamar The Rock zai karɓe gurbin Cody, 'yan kallo suka yi ca har kamfanin ya sauya shiri. Ranar da Cody ya ci a Philadelphia, a WrestleMania 40, ya kawo ƙarshen mulkin Roman na kwana 1,316 ne. Da ya ci a 2023 da an yi murna, babu shakka. Murnar 2024 kuwa ta mutanen da aka hana abu ne har sau biyu, uba da ɗa.

Kada ka ɗauka ina cewa a riƙa kayar da jarumi kawai don a ja lokaci. Faɗuwar Cody ta yi aiki ne saboda ta bar masa dalili, ta kuma bar wa Roman laifi. Kowa ya ga ba da ƙarfinsa kaɗai ya ci ba. A Japan ma an yi irin wannan, amma ta wata fuskar. Kazuchika Okada ya faɗi a hannun Hiroshi Tanahashi a Tokyo Dome ranar 4 ga Janairun 2015, babu katsalandan, babu maguɗi, ya fita yana kuka. Shekara guda cif, a wuri ɗaya da rana ɗaya, ya doke shi. Can abin da faɗuwar ta bari shi ne tambaya: yaron nan ya isa ya gaji babba ko bai isa ba? Ko dai ka bar wa wanda ya faɗi zaluncin da zai rama, ko ka bar masa gazawar da zai cike. In ba ka bar masa ko ɗaya ba, ka kashe shi ne kawai.

Saboda haka ga yadda nake aiki. Nakan fara rubuta daren ƙarshe: wuri, wasa, da abin da ɗan kallo zai gani a minti na ƙarshe. Daga nan sai in riƙa komawa baya wata-wata ina tambayar me ya kamata ya faru kafin wannan. Kalandar WWE tana taimakawa, domin tana da turaku da aka kafa tun tuni: Royal Rumble a farkon shekara, WrestleMania wajen Afrilu, SummerSlam wajen Agusta, Survivor Series a Nuwamba. Tsakanin kowane turke da na gaba akwai shirye-shiryen mako-mako, Raw na daren Litinin da SmackDown, kuma a nan tsarin yawancin mutane yake rushewa. Suna da wasanni huɗu manya, ba su da abin da za a yi a daren Litinin goma sha biyu da ke tsakani. Amsar ita ce kada ka bar mutanen biyu su riƙa karawa kowane mako. Raba su. Bar ɗaya ya yi magana da makirfo, ɗayan ya doke wani na kusa da abokin gabarsa, a sa hannu a takardar yarjejeniya, a yi wasan biyu-biyu inda za su haɗu na minti ɗaya a raba su. Duk taɓa jikin da suka yi kafin babban dare, ragi ne daga kuɗin tikitin wannan dare.

Labarin Hulk Hogan da Randy Savage shi ne darasin da nake ba kowa a kan wannan. Savage ya ci kambu a WrestleMania IV a 1988 da taimakon Hogan, suka zama aminai. Shekara guda aka ɗauka ana shuka ƙananan abubuwa: yadda Hogan yake ɗaga Miss Elizabeth, matar Savage, sama a lokacin murna, irin kallon da Savage yake masa ta gefen ido, yadda Hogan ya fitar da shi daga Royal Rumble na 1989 kamar bisa kuskure. A watan Fabrairu, ana tsakiyar wasa, Elizabeth ta ji rauni, Hogan ya ɗauke ta ya kai ta ɗakin jinya ya bar Savage shi kaɗai da ƙarti biyu. Ranar da Savage ya fashe, babu wanda ya ce daga ina wannan ya fito. Har akwai waɗanda suka ga yana da gaskiya. Mugun da ya fi kowane riƙe mutane shi ne wanda za ka iya zama ka kare hujjarsa, ko da hanyar da ya bi ba ta da kyau. In mugunka ba shi da wani dalili sai dai an ce shi mugu ne, jaruminka ma ba zai yi nauyi ba.

Wannan ya kawo mu ga juya hali, wato jarumi ya zama mugu ko mugu ya zama jarumi, abin da masu tsari a zuci suka fi ɓarnatarwa. Na sha karanta tsarin da mutum uku suka juya a wata biyu. Juyi bashi ne kake ci daga amanar ɗan kallo. Wanda aka fi yabawa a tarihi, na Bret Hart da Steve Austin a WrestleMania 13 a 1997, ya yi kyau ne domin 'yan kallo sun riga sun fara juyawa da kansu: suna tafa wa Austin mai bakin tsiya, suna gajiya da ƙorafin Bret. Austin ya ƙi miƙa wuya, jini yana zuba a fuskarsa, har ya suma, Bret kuma ya ci gaba da dukansa bayan an tashi wasa. Lura da kyau, Austin ne ya faɗi a daren, kuma faɗuwar ce ta mai da shi abin da ya zama. Masu tsarin ba su ƙirƙiri juyin ba, sun ji inda iska take kaɗawa ne suka buɗe mata taga.

Yanzu ga ɓangaren da za a iya yin komai daidai a lalata shi a minti biyar. WCW, kamfanin da ke gogayya da WWE a lokacin, ta ɗauki fiye da shekara tana gina Sting a kan Hogan da ƙungiyarsa ta nWo. Sting ya daina magana, ya daina kokawa, sai dai a hango shi can saman rufin fili da fentin fari da baƙi da sanda a hannu. Starrcade na Disambar 1997 ya zama wasan da kamfanin ya fi sayarwa a tarihinsa. Abin da kowa ya biya ya gani abu ɗaya ne: Sting ya tumurmusa Hogan. Sai aka cusa dabara, wai alƙalin wasa Nick Patrick zai yi saurin ƙirga uku don ya cuci Sting, Bret Hart ya zo ya sa a sake. Amma ƙirgar da aka gani ba ta da wani sauri, don haka a idon jama'a Hogan ya ci halal. Shekara guda bayan nan suka karya jerin nasarorin Goldberg, wanda suke ƙirgawa 173 babu faɗuwa, ta hanyar jona masa sandar lantarki har Kevin Nash ya karɓe kambunsa, bayan mako guda kuma Nash ya kwanta wa Hogan don ya taɓa shi da ɗan yatsa. Kambun da mutum zai miƙa wa abokinsa da wasa, wa zai sake biyan kuɗi ya ga an yi faɗa a kansa? In ka ɗauki dogon lokaci kana alkawari, daren biya ka biya a fili, ba tare da kwana-kwana ba. Katsalandan na tsakiyar labari ne.

Akwai wata doka da nake ɗora wa kaina, kuma ina ba ka shawarar ka ɗora wa abokanka: a yi tsari da mutanen da suke nan a lokacin, da lafiyarsu da kwantiraginsu. Kowa yana son ya sake rubuta labarin mamayar da 'yan WCW suka kai a 2001, bayan WWE (WWF a lokacin) ta sayi kamfanin a watan Maris, kuma kowa sai ya jero Sting da Goldberg da Hogan da Nash. Ai da suna nan da ba a sha wahala ba. Manyan suna zaune a gida suna karɓar albashin tsohon kwantiraginsu, waɗanda aka samu su ne irin su Booker T da Diamond Dallas Page. Gwanintar ita ce ka nuna yadda za ka sa Booker T ya zama barazana da abin da ke hannu. Haka nan ka bar wa tsautsayi ƙofa. Finn Bálor ya ci kambun Universal a SummerSlam na 2016, washegari ya ajiye shi saboda kafaɗa. Daniel Bryan ba ya cikin shirin babban wasan WrestleMania 30, sai da 'yan kallo suka yi wa Batista ihu bayan Royal Rumble na 2014 aka saka shi, ya doke Triple H a farkon dare, ya doke Randy Orton da Batista a ƙarshensa. Idan kuna wasan nan da abokai, ku riƙa jefa ƙuri'a duk wata a cire mutum ɗaya a ce ya ji rauni. A nan za a gane mai iya tsari.

Bari in yi maka misali da hannuna, da labarin da har yau yake ci mini rai, na Kofi Kingston. Kofi, haifaffen Ghana, ya shafe shekara goma sha ɗaya a kamfanin ba a taɓa ɗaukarsa a matsayin na sahun gaba ba. A Fabrairun 2019 Mustafa Ali ya ji rauni, aka sa Kofi a gurbinsa, jama'a suka kama shi suka ƙi saki, har ya doke Daniel Bryan ya karɓi kambu a WrestleMania 35. Ya riƙe kambun wata shida. Ranar 4 ga Oktoba, daren farko na SmackDown a tashar Fox, Brock Lesnar ya sure shi ya maka da ƙasa sau ɗaya, aka ƙirga uku cikin ƙasa da daƙiƙa goma. Nan take Cain Velasquez ya fito tare da Rey Mysterio, hankali ya koma can. Kofi ya koma wasan biyu-biyu da abokinsa Big E yana dariya kamar ba abin da ya faru.

Yawancin masu gyara wannan labari sukan ce kawai Kofi ya ci. Ni ba zan taɓa sakamakon ba. Kamfanin yana son babban suna riƙe da kambu a daren da sabuwar tasha take kallo, kuma yana son Lesnar ya isa WrestleMania 36 a matsayin dodo don Drew McIntyre ya sare shi. Waɗannan dalilai ne na gaske, na bar su. Ko daƙiƙa goman ma na bar su. Abin da zan sauya shi ne makon da ya biyo baya.

Kofi ya fito babu rawa, babu kiɗa. Ya tsaya a tsakiyar dandali ya ce a ƙirga goma tare da shi, jama'a su ƙirga, ya ce iyakar abin da shekara goma sha ɗaya ta zama ke nan. Ya nemi a sake karawa. Paul Heyman, mai magana da yawun Lesnar, ya amsa cewa wanda bai kai daƙiƙa goma ba ba shi da bakin neman komai. A farkon Nuwamba Lesnar ya bar SmackDown ya koma Raw, wannan ya faru da gaske, kuma kyauta ce ga mai tsari: yanzu Kofi ba shi da hanyar isa gare shi ko yana so. Ɗayan abokinsa, Xavier Woods, yana jinyar agara a lokacin, saura Big E kaɗai a gefensa. Sai in yi wata biyu ina nuna Kofi yana cin wasanninsa amma da wani irin zafi da ba a san shi da shi ba, yana ƙin sakin abokin karawa bayan ƙararrawa, Big E yana janye shi. Ba zan mai da shi mugu ba, zan dai bar mutane su ji tsoron hakan. A wani mako Big E ya gaya masa a gaban jama'a cewa kambun bai ɗauke masa komai ba kamar yadda yake ɗauke wa kansa yanzu. A Disamba Kofi ya faɗi a wani wasa saboda fushi ya rufe masa ido, ya zauna a bakin dandali shiru, ya ba Big E hannu. Daga nan ya sanar da cewa wuri ɗaya ne 'yan Raw da 'yan SmackDown suke haɗuwa, wato Royal Rumble, inda Lesnar zai shiga a lamba ta ɗaya.

A wasan gaske na Janairun 2020 a Houston, Lesnar ya fitar da mutum goma sha uku, har da Kofi da Big E da Rey, kafin Ricochet ya buge shi a ƙasan mara, McIntyre ya yi masa ƙafa ya wuntsila waje. A nawa tsarin Kofi ya shigo da wuri, agogo yana nunawa a allo, jama'a suna ƙirga goma, ya wuce goman yana tsaye, fili ya ɗauki sowa. Kofi dama an san shi da dabarun tsira a wannan wasa, yakan taka hannu ko ya maƙale a shinge don kada ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa. Lesnar ya jefa shi waje sau biyu, sau biyu yana dawowa. Yana nan a raye, a galabaice a kusurwa, har McIntyre ya shigo. Lesnar ya juya yana cire safar hannu yana kallon McIntyre, Kofi ya taso ta baya ya sakar masa shurinsa na Trouble in Paradise a ƙeya, Lesnar ya yi taga-taga zuwa igiya, McIntyre ya ƙarasa shi.

McIntyre bai rasa komai ba, shi ya fitar da dodo kuma shi zai ci wasan. Lesnar bai rasa komai ba, mutum biyu suka haɗu a kansa bayan ya share fili. Ricochet ya rasa daƙiƙa biyar, za a iya biyansa a wani wuri. Kofi kuwa bai sake ɗaukar kambu ba, amma ya fita da abin da zai tsaya a kai: duk ranar da McIntyre ya zama zakara, akwai mutum ɗaya da zai iya zuwa ya ce masa kana da bashina, kuma wannan wasa ne da za ka iya sa wa rana a watan Mayu ko Yuni ba tare da ka juya kowa ba.

Koma kan naka tsarin ka yi masa wannan aikin. Ɗauke kambun daga hannun gwaninka, mai da shi wata na shida ko na tara. Rubuta sunan wanda yake riƙe da shi kafin nan da dalilin da ya sa yake ganin shi ya cancanta. Sannan a gaban kowane wasa da ka jera, rubuta layi ɗaya a kan wanda ya faɗi: abin da zai fito ya ce a daren Litinin mai zuwa. Wasan da ka kasa rubuta wa wannan layi, cire shi ko ka sauya ƙarshensa, sai ka aiko mini in gani.